Kada Ka Kwanta Kafin Ka San Makomar Tsohuwar Jagora

Ɗana, ko 'yata idan ke aka damƙa wa makullin ɗakin saba, akwai wata murna da nake yawan gani a fuskar matasan da ke riƙe da rumbun bayanai, murna ce mai zuwa da wuri. Babbar saba ta faɗi da tsakar dare, an buga maka waya, ka tashi ka ba ta biyu umarni ta karɓi ragama, manhaja ta dawo aiki, jama'a sun ci gaba da harkokinsu. Sai ka aika wa oga saƙo cewa an shawo kan matsala, ka ja bargo. Ka yi ƙoƙari, ba zan hana ka yabonka ba. Sai dai rabin aikin ka yi, kuma rabin da ya fi sauƙi. Mai wuyar yana nan kwance cikin na'urar da ta faɗi, domin irin wannan mutuwar ba ta cika ɗorewa ba.

A kan PostgreSQL zan yi maganar, don shi na fi gani a hannunku. Ka san yadda yake aiki, amma bari mu tsaya a wuri ɗaya. Ba ya taɓa shafin bayanai a faifai sai ya fara rubuta abin da zai yi a wani kundi da ake kira WAL, wanda aka yanka fayil-fayil, kowanne megabait 16 idan ba a sauya ba. Tun daga siga ta 9.0 da ta fito a 2010, sabar da ke jagoranci tana iya kwarara wannan kundi kai tsaye zuwa ga wata mai jiran gado, ita kuma ta riƙa aikata duk abin da ta karanta. A saitin da ya zo da shi, jagora ba ta jiran amsa. Tana gaya wa manhaja an adana, rubutun kuma yana bisa hanya. Galibi tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Amma ranar da faifai ya ƙone ko wayar sadarwa ta tsinke, cikin wannan 'yar tazarar ce kuɗin wani, ko sakamakon gwajin jinin wata, yake maƙalewa.

Da zarar ka ɗaga mai jiran gado, da pg_ctl promote ko da pg_promote() da aka ƙaro a siga ta 12, sai ta buɗe sabon layin tarihi. Da tana kan layi na 1, yanzu ta hau na 2, ta kuma ajiye wani ɗan fayil mai suna 00000002.history da ke nuna daidai wurin da ta rabu da layin baya. Daga wannan mararraba tarihi ya zama biyu. Sabuwar jagora tana rubuta nata. Tsohuwar kuwa tana riƙe da wata wutsiya ta rubuce-rubuce da suka wuce mararrabar, waɗanda ba wanda ya gan su sai ita. Duk abin da zan gaya maka daga nan, a kan wannan wutsiyar yake.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, tsohuwar jagora ba ta san an tuɓe ta ba. PostgreSQL shi kaɗai ba shi da ɗan aiken da zai kai mata labari. Kamar sarki ne da ya suma, aka naɗa wani, ya farfaɗo ya nufi fada ya zauna yana yanke hukunci, fadawan da ba su ji sanarwa ba kuma suna faɗuwa suna gaisuwa. A wurarenmu wannan ba labarin nesa ba ne. Sau da yawa abin da ya kashe sabar wuta ce aka ɗauke, batir ya ƙare, janareta ya ƙi tashi. Da asuba a kawo wuta, na'urar ta kunna kanta, systemd ya tayar da PostgreSQL kamar kullum, ta buɗe ƙofa ta 5432 tana karɓar rubutu. Kai kana barci.

Kada ka ce ai manhaja ta riga ta koma wajen sabuwa. Wace manhaja? Wadda ka tuna da ita. Akwai ɗan aikin da ke tashi ƙarfe huɗu na asuba ya haɗa lissafi, wanda wani da ya bar aiki tuntuni ya rubuta adireshin tsohuwar saba a cikinsa. Akwai kuma dabarar da ta zo a siga ta 10, inda ake jera adireshi biyu a layin haɗi a sa target_session_attrs=read-write, don manhaja ta nemi wadda ke karɓar rubutu. Dabara ce mai kyau, amma ka lura: tana bin jerin daga farko ta tsaya a kan ta farkon da ta amsa. Idan duka biyun suna karɓar rubutu, wa ka sa a farkon jeri? Tsohuwar. Sakamakon kuwa ba ɓatan bayanai kawai ba ne. Kowace saba tana ci gaba da ƙirga lambobinta daga inda aka rabu, sai ka tarar da lambar rasit guda tana ɗauke da sunan mutum biyu, kowanne da kuɗinsa, kowanne da gaskiyarsa. Babu wani umarni da zai haɗa maka wannan. Mutum ne zai zauna da takarda, layi bayan layi, yana kiran abokan ciniki yana ba da haƙuri.

Saboda haka killacewa take gaba da naɗi. Kafin ka ɗaga sabuwa, ka tabbatar tsohuwar ba za ta iya magana da kowa ba. Idan kana iya kaiwa gare ta, ka tsayar da PostgreSQL, ka hana shi tashi da kansa. Idan ba ka iya shiga, ka kashe na'urar daga allon kula da ita na nesa, ko ka toshe ƙofarta a katangar tsaro, ko ka sa mai gadin ɗakin ya zare mata wayar sadarwa. Kuma "ba ta amsa kira" ba shi ne "ta mutu" ba. Mai yiwuwa kai ne ba ka jin ta, alhali rabin manhajojinka suna hira da ita lafiya lau. Minti biyu da za ka ƙara kafin aiki ya dawo ba za su kashe kowa ba. Sauri ya haifi nawa.

Na san abin da za ka ce: shi ya sa ake sa na'ura ta yi sauyin da kanta. Haka ne, kuma akwai kayan aiki nagari. Patroni, wanda kamfanin Zalando na Jamus ya fitar, yana ajiye makullin jagoranci a wani wuri na daban kamar etcd, Consul ko ZooKeeper. Makullin yana da wa'adi, daƙiƙa 30 a saitin asali, kuma jagorar da ta kasa sabunta shi tana sauke kanta da kanta. Akwai repmgr, akwai pg_auto_failover. Amma abin da ke sa su aiki shi ne akwai na uku da ke raba gardama. Saba biyu kaɗai, kowace tana leƙen 'yar'uwarta, ba su da hanyar bambance mutuwar ɗaya da tsinkewar waya. Idan ka rubuta ɗan shirinka da ke cewa "in ta yi shiru sau uku ka ɗaga ta biyu", ka gina injin raba tarihi ne da hannunka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙaramin kamfani mai saba biyu da ma'aikaci mai ɗaga waya, da takardar matakai a rubuce, ya fi zama lafiya da sauyin hannu.

Ko manya ma abin yana kama su. Ranar 21 ga Oktoba 2018, ana aikin sauya wata na'urar sadarwa a GitHub, sai hanya ta yanke tsakanin cibiyarsu ta gabashin Amurka da sauran wurare na daƙiƙa 43. Su MySQL suke amfani da shi, amma ciwon iri ɗaya ne. Manhajar Orchestrator ta yi abin da aka gina ta ta yi, ta mayar da jagoranci yammacin ƙasar. Da hanya ta dawo, gabas tana riƙe da rubutun 'yan daƙiƙoƙi da bai isa yamma ba, yamma kuma ta riga ta karɓi sabon rubutu da gabas ba ta da shi. Komawa baya ba ta yiwuwa ba tare da an zubar da na wasu ba. Yankewar daƙiƙa 43 ta jawo musu awa 24 da minti 11 na tangarɗa. Abin da ya burge ni a lamarin shi ne zaɓin da suka yi: sun gwammace jama'a su sha jira da su watsar da bayanan mutane.

Wannan ya kawo mu ga abin da matasa suka fi mantawa. Ka killace tsohuwar jagora, gari ya waye, kana ɗokin mayar da ita bakin aiki a matsayin mai jiran gado. Dakata. Wutsiyar nan da take riƙe da ita ba shara ba ce. Ma'amaloli ne da aka gaya wa masu su an adana, kuma duk hanyar da za ka bi ka mayar da ita aiki, share su za ta yi. To kafin ka taɓa komai, ka kwafe foldar bayanan gaba ɗaya idan kana da wuri, in babu, aƙalla foldar pg_wal. Fayil ɗin tarihin da ke kan sabuwar jagora zai gaya maka inda mararrabar take, pg_waldump kuma zai nuna maka ko akwai ma'amalolin da aka kammala bayan wurin, da yawansu. Idan akwai, ka tayar da kwafin a wata na'ura da ba ta haɗe da kowa, ka zaƙulo layukan, ka kai wa masu harkar su yanke shawara. Ba hurumin mai kula da saba ba ne ya yanke cewa kuɗin wani ba su da muhimmanci.

Wani zai gwada gajeriyar hanya: ya ajiye fayil ɗin standby.signal a tsohuwar, ya nuna mata adireshin sabuwa, ya kunna. Idan tarihinsu ya rabu, za ta ƙi, ta rubuta a littafin rahotonta cewa sabon layin ya balle tun kafin inda take tsaye. Wannan ƙin alheri ne, kada ka nemi dabarar tilasta mata, kada kuma hannunka ya kai ga pg_resetwal don ka rufe mata baki. Ka kuma sani ko da babu manhajar da ta rubuta mata komai, kunna ta da kashe ta kawai ya isa ya ƙara rubutu a tsohon layin. Haka nan kwafi mai jiran tabbaci, wanda ya zo a siga ta 9.1, bai raba ka da wannan ba. Yana ba ka tabbacin cewa abin da aka ce wa manhaja an adana ya isa ɗaya ɓangaren, amma jagora tana fara rubutawa a nata faifan kafin ta jira amsa, don haka tana iya mutuwa da 'yar wutsiyarta.

Hanyoyi biyu ne na gaskiya. Ta farko pg_rewind, wanda Heikki Linnakangas ya rubuta, ya shiga cikin PostgreSQL a siga ta 9.5 a farkon 2016. Aikinsa yana da ban sha'awa. Yana gano mararrabar, ya koma matsayar ƙarshe, wato checkpoint, da sabobin biyu suka yi tarayya a kanta, ya karanta kundin tsohuwar daga nan, ya lissafa kowane shafi da ta taɓa, ya ɗauko irin waɗannan shafukan daga sabuwar jagora ya rufe su da su. Sauran manyan fayilolin da ba a taɓa ba ya bar su. Rumbun da kwafe shi zai ci yini guda, sai a gama da shi cikin mintuna.

Amma yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ba a cika shi ranar da ake buƙata. Dole ne tun kafin rabuwar a ce an kunna wal_log_hints, ko kuma an kafa rumbun da lambobin tantance shafi, wato data_checksums, sannan full_page_writes yana kunne. Dalili kuwa, akwai wasu ƙananan alamomi da PostgreSQL ke sawa a shafi ba tare da ya rubuta a kundi ba, in kuwa ba a rubuta ba, pg_rewind ba zai san an taɓa shafin ba. Kunna wal_log_hints yana buƙatar a kashe saba a kunna, shi ya sa ake ta ɗage shi zuwa wani mako. Ba a fafe gora ranar tafiya. Siga ta 18 ta mayar da lambobin tantancewa abin da ke kunne tun daga kafawa, amma rumbun da ka gada daga hannun wani an kafa shi shekaru da suka wuce, kada ka ɗauka, ka duba.

Ko an cika sharaɗin, akwai 'yan duwatsu a hanya. Yana buƙatar kundin tsohuwar tun daga matsayar tarayya, idan kuwa ta daɗe tana aiki ita kaɗai ta riga ta sake amfani da waɗannan fayilolin. Daga siga ta 13 yana iya ɗauko su daga taskar WAL idan ka ba shi -c, wato idan da ma kana tara kundin a taska. A sigogin da suka gabaci 13 kuma sai an kashe tsohuwar kashewa mai tsabta kafin ya yarda ya fara. Ka ba sabuwar jagora umarnin CHECKPOINT kafin ka soma, domin an sha ganin tsofaffin sigogi suna cewa babu abin da za a mayar alhali akwai, saboda sabuwar ba ta gama rubuta sabon layinta a fayil ɗin kula ba. Ka fara da --dry-run ka ga abin da zai ce. Ka tuna yana kwafo fayilolin saiti da ke cikin foldar bayanai daga sabuwar, don haka ka karanta su kafin ka kunna, kada ta tashi tana neman bin kanta. Kuma ka tabbatar standby.signal yana nan, ko ka sa -R ya ajiye maka shi, in ba haka ba za ta sake tashi a matsayin jagora. Idan kuwa ya tsaya a tsakiyar aiki, kada ka yi ta maimaitawa kana fata. Foldar ta riga ta zama gauraye, sai sabon gini.

Sabon ginin shi ne hanya ta biyu, pg_basebackup, ko maidowa daga pgBackRest ko Barman. Ni a ganina matasa suna raina ta fiye da kima. Idan rumbunka gigabait 40 ne kuma sabobin suna ɗaki ɗaya, me ya kai ka wahalar mayar da tarihi? Ka share, ka kwafo sabo, ka sha shayi. Sannan idan abin da ya kayar da tsohuwar faifai ne ko ƙwaƙwalwar na'ura, kada ka ma yi tunanin pg_rewind. Shi shafukan da aka taɓa bayan rabuwa kawai yake gyarawa. Ruɓaɓɓen shafin da ke wani lungu zai bar shi yadda yake, ya jira ka har ranar da za ka sake ɗaga wannan sabar. A sauya abin da ya lalace tukuna, sannan a gina daga tushe.

Sai dai kalmar "share" ita ce wuri mafi haɗari a duk wannan aiki. Ranar 31 ga Janairu 2017, mai jiran gadon GitLab ta yi nisa a baya har jagora ta zubar da kundin da take buƙata, kuma ba su tara kundin a taska. Sai aka shiga sake gina ta. Wani injiniya da ya yi dare yana aiki ya ba da umarnin share foldar bayanai, ashe tagar da yake ciki ta jagora ce. Kafin ya tsayar, daga kusan gigabait 300 saura kamar 4.5. Da aka juya ga kwafin ajiya, sai aka tarar pg_dump ya daɗe yana faɗuwa shiru, saboda na siga ta 9.2 ne ake gudanarwa a kan rumbu mai siga ta 9.6. Abin da ya cece su wani hoton faifai ne da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan, bayanan waɗannan awannin kuwa sun tafi. Ba don a yi wa kowa dariya na kawo wannan ba, su da kansu suka bayyana wa duniya komai, kuma sun kyauta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Bayan sauyin jagoranci sunaye suna ruɗarwa: wadda ake kira db1 ita ce yanzu ta biyu. Kafin ka share komai, ka tambayi na'urar sunanta, ka tambayi rumbun pg_is_in_recovery(), kuma maimakon sharewa ka sauya wa foldar suna. Idan akwai abokin aiki kusa, ya duba allonka kafin ka danna.

Kada hankalinka ya tafi kan tsohuwar har ka manta sabuwar tana tsaye ita kaɗai, babu mai jiran gadonta. Guraben kwafi, waɗanda suka zo a siga ta 9.4 don su sa jagora ta riƙe kundi har mai bi ta karɓa, ba sa bin kwarara zuwa ɗaya sabar, sai ka ƙirƙiro su a sabuwar. Da ka ƙirƙira kuma, agogo ya fara: gurbin da ba mai sha daga gare shi yana tara kundi har faifai ya cika, sabuwar jagora ita ma ta faɗi. Siga ta 13 ta kawo max_slot_wal_keep_size don a sa masa iyaka, ka sa. Ka duba synchronous_standby_names, domin idan yana ɗauke da sunan sabar da ba ta nan, kowane rubutu zai tsaya yana jiran amsar da ba za ta zo ba, manhaja ta sandare alhali komai yana nuna kore. Ka duba ko sabuwar tana aika kundinta taska, ka kuma ɗauki cikakken kwafin ajiya a ranar.

Idan tsohuwar ta dawo tana bi, ta kamo, oga zai tambaye ka yaushe za a mayar da ita kan kujerarta. Ka tambaye shi, cikin ladabi, me za a samu. Idan na'urorin ƙarfinsu ɗaya, babu dalili. Kowane sauyi yankewar aiki ne da sabon haɗari. Idan akwai dalili na gaske, kamar ita ce mai ƙarfi ko ita ce kusa da manhajoji, to a yi shi da rana, cikin shiri. A tsayar da jagora tsayarwa mai tsabta, domin a haka tana tura duk kundinta har rubutun ƙarshe kafin ta rufe. A gwada matsayar da pg_controldata ya nuna da inda mai jiran gado ta kai. Sai sun dace a ɗaga ta. Wadda aka sauke ta wannan hanya ba ta da wutsiya, tana komawa bi ba tare da pg_rewind ba.

Duk wannan ba ya zama a kai ta hanyar karatu. Ka tayar da ƙananan sabobi biyu a kwamfutarka, ka sa wani shiri yana ta rubutu, ka kashe jagora kisan gilla, ka ɗaga ta biyu, ka bar tsohuwar ta tashi ka ga ɓarnar da idonka, sannan ka dawo da ita ta hanyoyin nan biyu. Ka rubuta kowane mataki da ainihin umarninsa, ka ba wanda ya fi ka ƙuruciya a ofis ya bi takardar ba tare da ka ce masa uffan ba. Inda ya tsaya, nan takardar take da rami. Gobe da safe kuma, kafin ka buɗe saƙonni, ka shiga rumbun da ke hannunka ka rubuta SHOW wal_log_hints da SHOW data_checksums. Idan duka biyun suka ce off, ka nemi oga ya ba ka daren da za a kashe a kunna cikin wannan makon. Allah ya yi maka albarka, ya tsare hannunka.